Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Salon Haruffa a Kwamfuta, Har Ya Iya Rubuta Ƙ da Ɗ da Ɓ

Da yawa daga cikin salon haruffan da muke gani a littattafai da alluna da allon waya sun girme kakanninmu. Franklin Gothic, wanda jaridu ke son sa a kanun labarai, Morris Fuller Benton ne ya zana shi a Amurka a 1902. Goudy Old Style na Frederic Goudy ya fito a 1915. Haruffan da ke jikin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, Edward Johnston ne ya kammala su a 1916. Futura na Paul Renner ya fito a Jamus a 1927, Gill Sans ya biyo baya a Ingila a 1928, Times New Roman kuma ya fara bayyana a jaridar The Times a 1932. Duk waɗannan da dalma aka zuba su, manya-manyan kuma wani lokaci a sassaƙa su da katako. Abin da ke cikin kwamfutarka yau, wani ne ya zauna daga baya ya sake zana su.

Wannan sake zanen shi ake kira farfaɗowa, kuma mai haƙuri zai iya koyonsa da kayan aiki na kyauta. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko: aikin ba kwafar tabon tawada ba ne. Gano nufin mai zanen ake yi, sannan a yanke shawara a kan abin da za a bari da abin da za a sauya.

Zaɓen abin da za ka farfaɗo

Kada ka fara da Futura ko Gill Sans. An farfaɗo da su sau da yawa, kuma kamfanoni masu ƙwararru ne suka yi: kamfanin haruffa na Monotype ya fitar da Gill Sans Nova a 2015, ya fitar da Futura Now a 2020. Na kyauta ma akwai. Jost ya ɗauki ruhin Futura, Libre Franklin ya bi sawun Franklin Gothic, League Gothic ya dawo da Alternate Gothic na 1903, Barry Schwartz kuma ya yi Sorts Mill Goudy daga Goudy Old Style. Ka sauke waɗannan ka buɗe su ka ga yadda aka gina su, makaranta ce babba. Amma aikinka na farko ya fi kyau ya zama salon da ba a cika taɓawa ba, ko wanda aka taɓa amma aka bar shi babu haruffan Hausa.

Inda za ka samu irin wannan shi ne littattafan samfuri da kamfanonin zuba haruffa ke bugawa don tallata hajarsu. Mafi shahara shi ne na kamfanin American Type Founders na 1923, mai shafi sama da 1,000, kuma yana nan a shafin intanet na Internet Archive kowa na iya dubawa. Akwai na 1912 ma. A ciki za ka ga salo iri-iri an buga su da girma daban-daban, daga ƙanana na maki 6 zuwa manya na maki 72 (maki shi ne ma'aunin girman harafi, point a Turance).

Sai maganar haƙƙi, wadda gara a gama da ita tun kafin a zuba wahala. Abubuwa uku ne daban. Siffar harafi kanta, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta kare ta, ko da yake wasu ƙasashe kamar Jamus suna ba ta kariya na wasu shekaru, kuma zanen da ya kai shekara ɗari ya riga ya wuce wannan wa'adi. Fayil ɗin font kuwa, wato salon haruffa na kwamfuta, manhaja ce mai haƙƙi, don haka buɗe font ɗin wani kamfani ka kwashe layukansa sata ce, ko da salon na 1902 ne. Na uku suna. Futura da Gill Sans sunaye ne masu rajistar kasuwanci. Shi ya sa ka ga na kyautar da na lissafa a sama kowa ya raɗa wa nasa sabon suna. Kai ma ka zana daga takarda, ka sa naka sunan.

Girman da za ka ɗauka

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, kuma nan ne ya kamata ka fi daɗewa kana tunani.

A zamanin dalma, harafin maki 6 ba harafin maki 72 ba ne da aka ƙanƙantar. Kowane girma zanensa daban. Ƙananan an faɗaɗa su, an kaurara siraran layukansu, an buɗe cikinsu, an ƙara musu tazara don ido ya iya karantawa. Manyan kuma an sirantar da su, an matse su, an fito da ƙawarsu. Ko bayan Linn Boyd Benton, mahaifin Morris, ya ƙirƙiro injin sassaƙa haruffa a shekarun 1880, ana saita injin ne yadda zai riƙa yin waɗannan gyare-gyare daga girma zuwa girma.

Lokacin da kamfanoni suka yi rububin mayar da haruffansu na kwamfuta a shekarun 1980, da yawa sun ɗauki zane ɗaya suka ce ya wadatar wa kowane girma. Sakamakon shi ne littattafai masu rubutu fayau, siriri, mai gajiyar da ido. Bembo na 1929 misali ne da kowa a wannan sana'a ya sani: na kwamfutar farko ya rame ƙwarai idan aka kwatanta da yadda yake a shafin da aka buga da dalma, har Monotype ta sake fitar da Bembo Book a 2005 don dawo masa da jikinsa.

Saboda haka ka tambayi kanka, wannan font ɗin me za a yi da shi? Idan littafin karatun yara ne ko jikin labari a mujalla, ɗauki samfurin maki 10 zuwa 12. Idan bangon littafi ne ko fosta, ɗauki na maki 36 zuwa sama. Kada ka gauraya. Harafin a daga maki 12, g daga maki 48, ba za su taɓa zama 'yan gida ɗaya ba. Babban samfurin yana da amfani wajen leƙa yadda aka ƙera wani lungu da bai fito sosai a ƙaramin ba, amma kauri da faɗi da tazara duk daga girman da ka zaɓa za su fito.

Ɗaukar hoto da tattara haruffa

Idan littafin na hannunka, yi masa sikanin a 1,200 dpi aƙalla, wato ɗigon hoto 1,200 a kowane inci, 2,400 ya fi. Lissafin mai sauƙi ne: maki 72 ne kusan inci ɗaya, don haka harafin maki 12 a 1,200 dpi zai ba ka tsayin ɗigo 200 kacal, a 2,400 kuma 400. Ɗauki hoton da launin toka-toka, kada ka bar na'urar ta mayar da shi baƙi da fari zalla, domin a gefen da tawada ke dusashewa ne bayanin yake. Ajiye shi a fayil ɗin hoto na TIFF ko PNG. Idan daga intanet za ka ɗauko, nemi ainihin hotunan shafukan, ba PDF ɗin da aka matse ba. Hoton waya yana karkatar da layuka, sai dai in babu yadda za a yi.

Daga nan sai yanka. Kowane harafi ka nemo shi sau biyar ko fiye daga wurare daban-daban na shafin, ka jera su gefe da gefe. Za ka ga wani harafin a ya sha tawada ya kumbura, wani ya sha kaɗan ya tsinke, wani dalmar ce ta lotsa. Abin da ya maimaitu a dukkansu shi ne harafin. Abin da ya bayyana a ɗaya kawai haɗari ne na ranar bugu.

Ka kuma san cewa dalma na nutsawa cikin takarda, tawada na bazuwa gefe. Abin da ka gani a shafi ya fi abin da aka sassaƙa kauri, kusurwoyinsa sun fi zagaye. To wanne za ka bi, ƙarfen ko shafin? A ganina, ga font na karatu, shafin ya fi cancanta, domin masu zanen sun san tawada za ta bazu kuma da saninta suka yi aiki. Injin bugu na yau da allon waya ba sa ƙara wannan kaurin, don haka kai ne za ka mayar da shi. Amma ka riƙe kaurin ka bar dattin. Font ɗin da aka kwafo masa kowane gurɓin tawada yana da kyau a fosta ɗaya, a shafi na uku na littafi ya zama abin damuwa.

Zanen kansa

FontForge, manhajar zana haruffa, kyauta ne, yana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ya isa wannan aiki daga farko har ƙarshe. Masu Mac da ke da halin saye sun fi son Glyphs, akwai kuma FontLab da RoboFont.

Buɗe sabon font, ka bar ma'auninsa a kan raka'a 1,000. Kafin ka zana komai, auna layuka biyar daga hotunanka ka kafa su: layin da haruffa ke zama a kai, tsayin ƙaramin x, tsayin manyan haruffa, inda b da d da k ke kaiwa a sama, da inda g da p da y ke kaiwa a ƙasa. Auna kaurin sandar n da ta H, da wuri mafi siranta a jikin o. Rubuta waɗannan lambobi a takarda ka manna kusa da kai. Duk hotunan da za ka shigo da su bayan fage, da ma'auni ɗaya za ka ƙara musu girma, kada ka ja kowane harafi yadda ka ga dama don ya cika layi.

Akwai manhajar Potrace da ke bin gefen hoto ta zana layi da kanta, tana cikin Inkscape, FontForge ma na iya amfani da ita. Kada ka dogara da ita. Za ta ba ka harafi mai ɗigo ɗari inda goma sha biyu suka isa, kuma duk wani karkacewar tawada za ta ɗauka a matsayin zane. Da hannu ake yi. Ka sa ɗigo a wuri mafi nisa na kowace lanƙwasa, wato can sama, can ƙasa, can dama, can hagu, hannayen ɗigon kuma, wato 'yan sandunan da ake ja don lanƙwasa layi, su miƙe tsaye ko kwance. Ƙarancin ɗigo shi ke kawo santsin layi.

Fara da n da o, sai H da O. Daga n za ka samu h, m, u, r, i, l. Daga o da sandar l za ka samu b, d, p, q, sannan c da e. Ka bar a, g, s zuwa lokacin da hannunka ya faɗa, su ne masu wuya. Haruffa masu zagaye kamar o da e dole su ɗan zarce layi sama da ƙasa, da raka'a 10 zuwa 15 a ma'aunin 1,000, in ba haka ba ido zai ga sun fi sauran gajarta. Za ka tarar tsofaffin masu zanen sun yi hakan, kada ka ɗauka kuskure ne ka gyara.

Wani abin da zai zo maka shi ne bambance nufin mai zane da tilascin inji. Tsohon injin zuba haruffan dalma na Monotype yana raba faɗin haruffa a kan raka'a 18, don haka wasu haruffan an ɗan ja su ko an matse su don su shiga. A takwaransa injin Linotype, harafin tsaye da na gicciye, wato mai karkata (italic), suna zama a mazubi ɗaya, dole faɗinsu ya zo ɗaya, kuma kan f ba ya iya leƙawa kan maƙwabcinsa, shi ya sa f ɗinsu yake a takure. Goudy Old Style kuma an gajarta masa wutsiyoyin g da p da y don ya dace da tsarin layin kamfanin da ya zuba shi. Kwamfuta ba ta da waɗannan takunkumai. Kana iya sakin f ɗin, kana iya tsawaita wutsiya. Sai dai ka yi a hankali, domin wani lokaci abin da tilas ta haifar shi ne ya zama kamannin da aka san salon da su. Abubuwan da mai zanen ya zaɓa da gangan kuwa, kamar ɗigon i mai siffar lu'ulu'u a Goudy Old Style da Johnston, ba a taɓa su.

Haruffan da ba a zana ba

Benton da Goudy da Renner ba su zana wa Hausa komai ba. Haruffa masu lanƙwasa sun shigo bugun Hausa ne a shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ta taimaka wajen zaunar da su a idon masu karatu. Rashin su a tsofaffin salon shi ya sa har yau za ka ga an rubuta ƙasa a fosta, harafin farko ya fito da wani salo daban kamar baƙo a taron dangi, ko ya zama akwati fanko. Kwamfutar ce ta rasa shi a font ɗin ta aro daga wani.

Ƙara sabon harafi a tsohon salo ba cin amanar mai shi ba ne. Lokacin da aka sabunta haruffan Johnston a 2016 don cikarsu shekara 100, an kula da alamomin # da @, waɗanda zamanin intanet ya sa ake bukata. Haƙƙinmu na ƙ bai gaza wannan ba.

Ga gurabensu a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, kuma dole kowanne ya zauna a nasa, in ba haka ba rubutun ba zai karantu a wata na'ura ba: Ɓ a 0181, ɓ a 0253, Ɗ a 018A, ɗ a 0257, Ƙ a 0198, ƙ a 0199, Ƴ a 01B3, ƴ a 01B4. Kada ka ce a Najeriya 'y muke rubutawa ka tsallake biyun ƙarshe, a Nijar ƴ ake amfani da shi, masu rubuta Fulfulde ma suna bukatarsa. Ka zana alamar ɗauri, irin ta sana'a, a gurbi na 02BC da kuma gurbi na 2019, ka ƙara alamar Naira a 20A6.

Lanƙwasar ba daga kanka za ka ƙago ta ba, tana nan cikin salon. Dubi kan f, kunnen r, bakin c, da wutsiyar j. Idan salon irin Century Schoolbook ne, wanda waɗannan ke ƙarewa da ƙwallo, to ƙ da ɗ da ɓ ma da ƙwallo za su ƙare. Idan irin Franklin Gothic ne da ake yanke bakin layi, ka yanke naka da kusurwa iri ɗaya. Kan f shi ne mafari mafi kyau, amma sai ka ƙanƙance shi, domin na f yana da fili a ƙarƙashinsa, na ɓ kuwa tumbin harafin na jiransa, na ƙ kuma hannun k na tasowa. Idan lanƙwasar ta sauko da yawa, wurin zai cushe ya yi baƙi. Idan ta yi ƙanƙanta, a maki 10 ba za a bambance ƙ da k ba, kuma mai karatu ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa.

Harafin ɗ ya fi kowanne rigima. Lanƙwasarsa na leƙawa dama, waje da jikinsa, kai tsaye kan harafin da ke biye. A kalmomi irin faɗi, ɗinki, daɗi, tana karo da ɗigon i. Ko dai ka gajarta ta, ko ka ƙara wa ɗ fili a dama, ko ka gyara tazarar ɗ da i su kaɗai. Ni na fi son a haɗa na farko da na uku, domin ƙarin fili yana buɗe rami a ɗa da ɗo.

Manyan Ɓ da Ɗ lanƙwasarsu a hagu take, daga saman sandar, ta Ƙ kuma a ƙarshen hannunsa na sama. Kaurinsu ya bi na manyan haruffa, kada ka manna musu ta ƙananan.

Tazara

Font mai matsakaicin zane da kyakkyawar tazara ya fi mai kyan zane da mummunar tazara daɗin karatu. Buɗe tagar ma'auni ka rubuta nnnn, ka daidaita filin hagu da dama na n har farin da ke tsakanin haruffa ya yi kusa da farin da ke cikin n ɗin. Sai ka jera n da o, wato nonon, sai oooo. Haka HHHH da HOHOH. Sauran haruffa daga waɗannan za su gāji tazara: gefen da yake miƙe ya ɗauki na n, mai zagaye ya ɗauki na o. Kana da abin gwaji da sabon zane ba shi da shi, wato shafin asali. Buga jimlar da ke cikin samfurin da font ɗinka, ka ɗora a kan hoton. Idan layinka ya fi na asali tsawo ko gajarta, tazararka ce ta kauce.

Gyaran tazarar haruffa biyu-biyu, wanda manhajojin ke kira kerning, shi ne na ƙarshe. Jerin gwajin da ake samu a intanet na Turanci ne, don haka ka haɗa naka. Hausa cike take da a, kuma kalmomi irin Ta, Ya, Wa, Ka suna buɗe jimla ba adadi. Gwada ƙw, ƙy, gw, ts, sh, da haruffa masu ninki kamar ƙƙ a haƙƙi, ɗɗ a haɗaɗɗe, ɓɓ a ɓaɓɓake. Dubi alamar ɗauri a 'ya'ya, sana'a, jama'a, kada ta manne kuma kada ta raba kalmar gida biyu.

Gwaji da fitarwa

Buga cikakken shafi na rubutun Hausa a takarda, da girman da ka yi niyya, ka ajiye shi kusa da shafin asali. Matsa baya ka kanne ido. Duhun shafukan biyu ya kamata ya zo kusa, kuma duk harafin da ya yi tsalle ya fito baƙi ko fari fiye da 'yan uwansa, sa masa alama ka koma kansa. Juya takardar ƙasa ta koma sama, kurakuran siffa sun fi fitowa idan ido ya daina karanta kalmomi. Ba wa wanda bai san komai game da zanen haruffa ba ya karanta da ƙarfi, ka lura da inda ya yi tuntuɓe.

Kafin fitarwa, haɗe layukan da suka hau juna, gyara alkiblarsu, ka mayar da lambobin ɗigo cikakku ba gutsure ba. FontForge na da umarni na kowanne, da kuma mai binciken kurakurai. Fitar da fayil ɗin font irin OTF ko TTF don kwamfuta da maɗaba'a, WOFF2 don shafukan intanet. Idan TTF ne, manhajar ttfautohint za ta taimaka masa ya fito tsaf a allon Windows. Gwada shi a Word, a LibreOffice, da kuma a ƙaramar wayar Android, domin a nan ne mafi yawan masu karanta Hausa za su gamu da shi.

Idan kyauta za ka bayar, lasisin SIL Open Font License shi ne aka saba da shi, shi Google Fonts ke karɓa, kuma yana ba wani damar ya ɗora a kan aikinka, misali ya zana mai kauri ko na gicciye. A cikin bayanin font ɗin ka rubuta sunan wanda ya zana asalin, shekarar, littafin samfurin da ka yi aiki da shi, girman makin da ka bi, da jerin abubuwan da ka sauya ko ka ƙara, har da haruffa takwas na Hausa.